Baba ya fara mantuwa, Yaya na so a sayar da gida

Anti, barka da aiki. Mahaifinmu yana da shekara 78, kuma wata shida ke nan ya fara mantuwa. Jiya sau uku yana tambayata ko ya sha magani, alhali kwalbar na hannunsa. Ni ke jinyarsa, har aikina na ajiye. Kuɗin magani da na mai taya ni kwana da shi sun fi ƙarfin fanshonsa. Yayanmu ya ce a sayar da gidan Baba a yi masa hidima, ƙannena sun ce atafau ba za a taɓa ba. Na rasa inda zan sa kaina.

'Yarki mai damuwa

'Yata, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Baba lafiya. Ki fara kai shi wurin likita, domin ƙarancin bitamin B12 ko illar wasu magunguna ma kan kawo mantuwa, kuma ana magance su. In kuwa ciwon mantuwa ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar Alzheimer ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu fama da shi. Ciwo ne mai cin shekaru, kuɗin jinyarsa kuma kullum gaba yake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne ana ta jayayya a kan gida, ba wanda ya tambayi mai gidan. Baba na raye, dukiyarsa tasa ce, ba ta zama gado ba. Sa hannunsa kuma yana da ƙarfi a doka ne muddin yana fahimtar abin da yake sa wa hannu, wannan dama kuwa tana iya kuɓucewa. Ku kai shi wurin lauya a lokacin da ya fi natsuwa, tare da shaidar likita cewa hankalinsa na nan, ya zaɓi wakili da bakinsa, wanda zai kula da kuɗinsa da shawarar lafiyarsa. Ki jaddada wa lauyan cewa kuna son takardar wakilci mai ci gaba da aiki ko bayan hankali ya gushe, don a ƙasashe da dama ta yau da kullum tana faɗuwa a daidai wannan lokacin. In kuka makara, sai kotu ta naɗa mai kula da shi, ga jinkiri ga kashe kuɗi. Wasiyya ba za ta taimaka a nan ba, sai bayan rai take aiki.

Sayar da gida kuwa a bar shi a ƙarshe. Ku rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita duk wata, ku duba ko ba da hayar wani sashe zai cike giɓin. Kuɗin Baba ya zauna a asusunsa, kada ya gauraya da naki, ki riƙa adana kowane rasit.

Ke ma da kika bar aiki, a yanka miki wani abu duk wata, a rubuce, kowa ya sa hannu. Kada kunya ta hana ki faɗa a zaman da za ku yi.