Doki a bakin Bahaushe: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon kusan duk a barga ɗaya aka ɗaure su, don haka na haɗa su wuri guda.

Wani daga Kumo yana tambaya: Malam, dawaki ne ko dawakai?

Duka biyun daidai ne. Na farkon shi ya fi zama a sunaye, kamar unguwar Dawaki a nan Gombe, da sarautar Madawaki wadda baki ya gajarce ta koma Madaki.

Wani matashi daga Pantami ya ce yana jin mutane na cewa "mai doki ya koma kuturu", to me ya haɗa doki da kuturta?

Babu abin da ya haɗa su, ɗana, sai sakacin masu magana. Kuturi ake cewa, da wasalin i a ƙarshe, wato bayan doki daga inda sirdi ya ƙare zuwa gindin wutsiya, inda ake goya yaro ko bara. Mai doki ya koma kuturi: mai abu an ture shi baya, baƙo ya karɓe linzami. Ka ba mutum aron rumfa a kasuwa, bayan shekara kai ke neman izininsa kafin ka shimfiɗa tabarma, to ka koma kuturi. Da yake yaran yanzu ba su taɓa hawa bayan kowa a kan doki ba sai a kan babur, kalmar ta zame musu baƙuwa, sai suka jawo wadda suka sani suka liƙa. Har a rediyo na ji an faɗa, da murya mai kauri kuwa.

Tunda an taɓo ni, bari in ƙara. Macen doki goɗiya ce, da ɗ mai lanƙwasa. Godiya kuwa ita ce wadda ake yi wa wanda ya yi maka alheri. Haka doki da ɗoki. Wani ya taɓa rubuto mini cewa yana "dokin ganina", na amsa masa cewa ya ɗaure shi a turke tukuna. Wayoyin yanzu galibi ana iya samun haruffan nan a cikinsu, lalaci ne kawai.

Wani ɗalibi, wanda ya ce gidansu gidan fawa ne, ya aiko da tambaya mai rassa uku: me Bahaushe ke kiran naman doki, shin daidai ne a ce "an yanka doki", kuma ya halatta a ci?

Reshen farko shi ya fi ba ni sha'awa. Amsar ita ce ba shi da wani suna, naman doki ne kawai, kuma wannan rashin sunan magana ce babba. Dubi yadda harshen nan ya yi wa doki hidima yana da rai. Launinsa kaɗai: akawal baƙi, kili fari, ga hurde, ga bidi, ga danda, ga gunya. Girmansa: duƙushi, ƙuru, ingarma. Tafiyarsa: sukuwa, zamiya, kilisa. Kayansa: sirdi, likkafa, jalala, ƙaimi, lifidi. Har sarauta aka yanka masa, ga Shamaki mai kula da bargar sarki, wanda shi ma akwai unguwa da sunansa a garin nan. Amma ka je wurin mahaifinka a rumfar nama ka saurara. Tozo, ganda, tumbi, kan sa, duk na shanu ne da ƙananan dabbobi. Wuƙar Sarkin Fawa ba ta bar wa doki kalma ko ɗaya ba, domin ba ta saba bi ta kansa ba. Ba a layya da shi, ba a yanka shi ran suna, ba a fitar masa da zakka.

Ta fuskar nahawu "an yanka doki" ba shi da aibu. Kunne ne kawai ke tsayawa a kansa, kamar ka ji an ce an yi wa liman aski a kasuwar awaki.

Reshe na uku ba fagena ba ne, ni malamin harshe ne, amma abin da kowane almajirin zaure ya karanta ba ɓoyayye ba ne. A Risala ta Ibn Abi Zaid, bayan an ambaci hani kan naman jakin gida, sai aka shigar da doki da alfadari cikin hukuncin, aka kafa hujja da aya ta 8 a Suratun Nahli, inda Allah ya ambaci dabbobin nan uku ya ce don a hau su ne kuma don ado. Wannan ita ce fahimtar Imamu Malik, kuma a kanta ƙasar nan ta tashi. Shafi'i da Ahmad bin Hambal sun halatta, suna riƙe da hadisin Jabir cewa ranar Haibara Annabi (SAW) ya hana naman jakai ya yi rangwame a na dawaki, da hadisin Asma'u 'yar Abubakar cewa sun soke doki a zamaninsa sun ci. Lura da kalmar, soke, irin yadda muke cewa an soke raƙumi. Abu Hanifa kuma ya karhanta. Saboda haka wanda ya ci a Kazakistan, inda naman doki abincin girmama baƙo ne, ba ka da bakin ce masa ya bar addini. A Faransa ma akwai mahautan da sana'arsu ke nan.

Abin da ke damuna ni daban ne, kuma harshe ya riga ya raɗa masa suna har biyu. Na farko algus. A 2013 Turai ta ɗauki zafi da aka gano naman doki cikin abincin da aka rubuta wa naman shanu a Ingila da Ayalan. Mafi yawan masu fushin ba haramci suke magana ba, ƙaryar ce ta ƙona musu rai. To balle a nan, inda mai sayen tsire ya tashi a kan cewa abin ba ya ciwuwa. Wanda ya yi kilishi da naman doki ya yi shiru, ko da ya haddace hujjojin Shafi'i kaf, ha'inci ya yi.

Na biyu butulci. Kwanakin baya a hanyar Kumo na tsaya bayan wata babbar mota da ta yi faci, an cusa mata dawakai da jakai za a yi kudu da su. Akwai wani kili a gefe, haƙarƙarinsa a waje, leɓensa na ƙasa ya saki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tabon sirdi a gadon bayansa, da shatin linzami a gefen baki. Wannan ba dokin daji ba ne. Wani ya yi hawan salla a kansa, an yi masa guɗa, an ɗauki hoto. Ko ruwa babu a motar, ga rana ta take. Kakana yana da wani akawal da ya tsufa har haƙoransa suka kasa harawa, sai a jiƙa masa dusa da ɗan kanwa a tsohuwar ƙwarya, ni nake kai masa da safe. Dillali ya zo har sau biyu. A na biyun kakana bai ce masa komai ba, ya dai sa aka kawo masa ruwa ya sha, aka raka shi ƙofar gida.

Na san abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne: buhun dawa yau ba wasa ba ne, doki kuwa ba ya cin alkawari. Mai iyali goma da dokin da ba ya hawuwa, ban isa in zage shi don ya sayar ba. Amma tsakanin sayarwa da jefa dabba a mota kwana biyu ba ci ba sha akwai tazara, kuma ko malaman da suka halatta naman sun ce a kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan. Jakai ma dai sun sami masu magana a kansu, tunda a Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka su don fatarsu da ake kaiwa Sin.

Wata malamar makaranta daga Bajoga ta ce: idan doki ya karye aka yanka shi don a hutar da shi, shi ne yankan ƙauna?

A'a, malama, kin juya ta. Ƙauna a nan ba soyayya ba ce, sa rai ce, irin ta "ya yanke ƙauna". Yankan ƙauna shi ne ka katse wa mutum abin da ya sa wa rai, da gangan, ba tausayi. Wanda kike nufi sai dai a ce an hutar da shi.

Daga Dukku: mene ne bambancin linzami da ragama?

Linzami da ƙarfe a baki, ragama igiya ce a kai. Shi ya sa ake cewa linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, ba a ce ragama ba. Masu rubuta "ya karɓi ragamar mulki" ba su yi kuskure ba, ko da yake da ragama ja ake yi, ba tuƙi ba.

Wani kuma yana son sanin ma'anar "dokin mai baki ya fi gudu".

Je ka majalisar 'yan siyasa da yamma ka zauna minti goma.