Bakteriyar da ke hanjin sauro na iya tare zazzaɓin cizon sauro?

Wani mai karatu daga Wamakko ya tambaya: "Malam, na ji wai akwai bakteriya a hanjin sauro da ke kashe ƙwayar maleriya. Da gaske ne? Mu nan bakin fadama, damina na kamawa ba mai runtsawa."

Da gaske ne. Macen sauro nau'in anofilis ce ke yaɗa ƙwayar Plasmodium mai haddasa maleriya. In ta sha jinin mai zazzaɓi, ƙwayoyi masu ɗimbin yawa ke shiga cikinta, amma 'yan ƙalilan ne ke iya ratsa bangon hanjin su yi ƙulli su hayayyafa. Kafin 'ya'yansu su kai ga miyaunta, sai an yi kwana 10 zuwa 14. To a wannan matsatsin ne bakteriya ke yi musu kwanton ɓauna.

Wadda ta fi jan hankali ita ce Delftia tsuruhatensis. Masu bincike na kamfanin magunguna na GSK a Sifen ne suka lura saurayen da suke kiwo sun daina ɗaukar ƙwayar, da aka bi diddigi sai ga ta. Tana fitar da wani sinadari mai suna harmane da ke hana ƙwayar girma tun a hanji, kuma ko taka shi sauron ya yi, yana shiga jikinsa. An bayyana sakamakon a 2023, bayan gwaji a Burkina Faso, inda aka jiƙa auduga da ruwan sukari mai bakteriyar, sauraye suka sha cikin dare. Cikas ɗinta: uwa ba ta gadar wa ƙwai, dole a yi ta sabunta tarkon audugar.

Sau da yawa ana rikita ta da wata bakteriya mai suna Wolbachia, alhali nasarar Wolbachia a kan zazzaɓin dengi ce, cikin wani sauron daban. A Yogyakarta ta Indunusiya ta rage kamuwa da kashi 77 cikin 100. A jikin anofilis kuwa ba ta cika zama daram ba.

Babu ko ɗaya daga cikinsu a kemis ko asibitin Sakkwato tukuna. Abin da ke hannunka bana shi ne gidan sauro mai magani, a soke gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma, da maganin rigakafin damina da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata. Na kwana uku ne; kada a tsaya kan na ranar farko.