Tambaya da Amsa: Shin fim ɗin barkwanci ba ya buƙatar hankali?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli wani fim ɗin camama tare da ƙannena, labarin wani maigadin asibiti da aka ɗauka likita ne bisa kuskure, ya shiga rubuta wa marasa lafiya tuwo da miyar kuka a matsayin magani. Da farko na yi dariya har da hawaye, amma kafin a kai tsakiya raina ya fara ɓaci, domin mutumin da aka nuna matsoraci ne ya rikiɗe ya zama jarumi babu dalili, can kuma ya koma mugu. Ƙannena sun ce ai ba a neman hankali a fim ɗin barkwanci. Shin gaskiyarsu ce?
Wata mai karatu daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙannenki sun yi gaskiya ta fuska ɗaya, wato abin da ke faruwa a irin wannan fim ba lallai ne ya yiwu a zahiri ba, kuma babu mai kallon da zai tsaya yana tambayar yadda maigadi ya samu farar rigar likita. Amma abin da ya ɓata miki rai daban ne, kuma kina da hujja. Labari yana iya zama shirme tsantsa, halin ɗan wasa kuwa dole ya tsaya a kan turba ɗaya, domin dariyar tana fitowa ne daga sanin da muka yi wa mutumin da kuma jiran yadda halinsa zai jefa shi cikin rigima.

Tatsuniyoyinmu sun daɗe da kiyaye wannan ƙa'ida. Gizo yana magana da giwa, yana yaudarar kura, duk abubuwan da hankali ba zai ɗauka ba, amma kullum shi ne mai kwaɗayi, mai wayo, mai tsamin baki, kuma Ƙoƙi tana gefensa tana nuna mana girman wautarsa. Haka marigayi Usman Baba Pategi, wanda tsohon soja ne, ya riƙe halin Samanja shekara da shekaru, da tsawarsa da Hausarsa ta bariki, har jama'a suka san abin da zai fusata shi tun kafin ya buɗe baki. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamban 2014, ya fito a matsayin mutane iri-iri, amma a fitowarsa mafi armashi za ki tarar yana ɗaukar wautarsa da matuƙar muhimmanci, kamar bai san akwai abin dariya a wurin ba.

Inda finafinan camama da yawa suke tuntuɓe shi ne gaggawa da ƙarancin kuɗi. Sau da yawa babu cikakken rubutaccen labari, sai a bar ɗan wasa ya ƙirƙiri magana a gaban kyamara, kowace fitowa ta nemi dariyarta ita kaɗai ba tare da la'akari da wadda ta gabace ta ba. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai, domin 'yan wasan suna da baiwa, rubutu ne ba a ba su ba.

Da marubucin ya bar maigadin nan da tsoronsa har ƙarshe, da ranar da aka kira shi ɗakin tiyata ta zama ƙololuwar fim ɗin, domin kowa zai ƙagu ya ga ƙaryar da zai shirga don ya tsere kafin a miƙa masa almakashi.