Amsa ga ɗalibin da ke son zuwa Turai koyon rubuta leza a cikin kiristal

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin farko a fiziks, ka ga tallar gurbin karatu kan lezar da ake rubuta wa hanya a cikin kiristal da bugun haske mai tsananin gajarta, kana son sanin mene ne aikin, me ya kamata ka iya kafin ka taso, kuma a ina ake yinsa. Zan fi daɗewa a kan aikin kansa, domin a kansa ne wanda zai ɗauke ka zai gwada ka.

Fara da dalilin yin abin. Idan ka tattara hasken da zangonsa, wato tsawon igiyarsa, nanomita 1064 ne a cikin YAG, wani kiristal da ake yin leza da shi, har faɗinsa ya koma maikuron 20 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, nanomita kuma kashi ɗaya cikin dubu na maikuron), ba zai wuce kusan rabin milimita ba zai fara bajewa. Magudanar haske, wato hanyar da ake rubutawa a cikin kiristal, ita ce ke hana wannan bajewar, ta riƙe hasken famfo (hasken da ake tura wa kiristal don ya ba shi ƙarfi) da hasken lezar a matse a wuri guda tsawon santimita ɗaya ko fiye. Shi ya sa lezar ke kamawa da famfo kaɗan, kuma dukan na'urar ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. A 1996 ne ƙungiyar Kazuyuki Hirao a Japan ta nuna cewa ana iya rubuta irin wannan hanya a cikin gilashi da lezar femtosakan. Femtosakan ɗaya kashi ɗaya ne na daƙiƙa idan aka raba ta gida miliyan sau biliyan. Kiristal ɗin kusan ba ya shan hasken rubutu na nanomita 800 ko 1030, haske ratsa shi yake yi, sai a daidai inda idon maikuroskof ya tattara shi. A nan ƙarfin ya kai ƙwayoyin haske da yawa su shiga lokaci ɗaya, wurin ya sauya, sama da ƙasansa kuma ba abin da ya taɓa su. Sai a riƙa jan kiristal ɗin a kan teburi mai motsi, ɗigo ya zama layi.

Inda ɗalibai suka fi ruɗewa shi ne bambancin gilashi da kiristal. A gilashi, layin da aka rubuta yakan ƙara ma'aunin lanƙwasa haske, wato lambar da ke nuna yadda abu ke rage gudun haske, don haka haske ta cikin layin yake bi. Wannan ake kira nau'i na ɗaya. A kiristal ba kasafai ake samunsa ba. Ana samu a litiyam nayobet, amma zafin digiri 200 ko ƙasa da haka na iya goge shi, kuma leza ai zafi take haifarwa. A mafi yawan kiristal, rubutun rushe jerin ƙwayoyin zarra yake yi, ma'aunin ya ragu a cikin layin, wurin ya kumbura ya matse maƙwabtansa. Dabarar nau'i na biyu ke nan: a ja layi biyu a jere, tsakaninsu maikuron 15 zuwa 30, haske ya bi ta tsakiyar da aka matse. Amfaninsa babba ne, domin tsakiyar ba ta lalace ba, niyodimiyam (Nd) ko itabiyam (Yb) da ke cikinta, sinadaran da ke ba da hasken leza, suna nan da halinsu na asali, kuma a YAG layukan suna jure zafin da ya haura digiri 1000. Nau'i na uku, wanda Andrey Okhrimchuk da abokan aikinsa suka nuna a Nd:YAG, wato YAG mai niyodimiyam, a 2005, shinge ne: layuka masu yawa a zagaye kamar dangar kara, tsakaninsu maikuron 2 zuwa 3, su kewaye ciki mai faɗin maikuron 30 zuwa 150.

Kada ka ɗauka ɗaya ya fi ɗaya a kowane hali. Layi biyu yana da saurin rubutu kuma yana ba da tabo ɗaya mai tsabta, sai dai a YAG yawanci hasken da ke kaɗawa a tsaye, daidai da tsayin layukan, shi kaɗai yake riƙewa. Ɗalibi zai iya kwana uku yana cewa magudanarsa ba ta aiki, alhali farantin juya fuskar haske kawai zai murɗa. Shinge kuwa yana riƙe fuska biyu, yana karɓar famfo daga dayod (ƙaramar lezar lantarki) mara kyawun haske, kuma shi ya fi dacewa da dogon zango irin maikuron 2 zuwa 3. Kuɗinsa lokaci ne. Zagaye mai faɗin maikuron 100 da tazarar maikuron 3 zai ci layi kusan 105, kowanne santimita ɗaya a gudun rabin milimita a daƙiƙa, wato minti 35 kafin a lissafa komowar teburi. Kuma daga ƙasa ake fara shi a yi sama. In ka fara da rufin, hasken da zai rubuta ƙasan dole ya ratsa wurin da ya riga ya lalace, sai ƙasan ya fito a tsinke, haske ya riƙa yoyo ta nan.

Ga alƙaluman da za ka riƙa ji a ɗakin gwaji. Tsohuwar na'urar da aka fi yin aikin da ita ita ce ta taitaniyam safaya: zango nanomita 800, bugu na femtosakan 120 ko kusa da haka, sau 1000 a daƙiƙa. Sababbin na itabiyam suna aiki a 1030, suna bugu sau dubu ɗaruruwa. Idon maikuroskof yakan zama mai buɗi 0.4 zuwa 0.65, wato lambar da ke nuna yadda yake iya matse haske. Ƙarfin bugu ɗaya daga kashi ɗaya cikin goma na maikurojul zuwa maikurojul kaɗan, zurfi maikuron 100 zuwa 300. Ka saba da raba gudun teburi da yawan bugu: maikuron 500 a daƙiƙa a kan bugu 1000 yana nufin rabin maikuron tsakanin ɗigo da ɗigo. In tazarar ta yi yawa, bangon layin zai yi kaushi ya watsa haske.

Abubuwa uku ne ke ɓata rubutu, kuma duka ukun lissafi ne kafin su zama na'ura. Ma'aunin lanƙwasa na YAG 1.82 ne, saboda haka in ka ɗaga teburi da maikuron 100, ɗigon ya nutse kusan 180 a ciki, kuma hasken gefen ido da na tsakiya ba sa haɗuwa a wuri ɗaya, sai ɗigon ya miƙe. Ƙarfin da ya yi daidai a zurfin 100 ba zai yi a 300 ba. Na biyu, maikurojul ɗaya a femtosakan 120 ya haura megawat 8 a ƙololuwa, alhali kusan megawat 1 ya isa haske ya fara tattara kansa da kansa a YAG, ya ja zare mai tsawo inda ba ka nufa ba. Na uku tsagewa. Matsin da ke yi maka aiki shi ne kuma ke fasa kiristal idan ƙarfi ya wuce ko layuka suka yi kusa. YAG yana da haƙuri domin halinsa ɗaya ne ta kowace fuska. Kiristal irin su YLF da YVO4 da dangin tangistet ba haka suke ba, dole ka san ta wace kusurwa aka yanko su kafin ka kunna komai. Saboda wannan ba a rubuta magudana ɗaya. Ana jera 30 ko 40 a kiristal guda, a sauya abu ɗaya tak daga wannan zuwa wancan, a bar tazarar maikuron ɗari biyu ko fiye, a yi alama a gefe, a rubuta komai a littafi. Wanda bai yi alama ba zai sami mai kyau a cikinsu ya kasa sanin wacce ce.

Sai gogewa, wadda ba a faɗa a tallar gurbi. Kusa da bakin kiristal, gefen yana yanke rabin hasken rubutu, layin ba ya kaiwa ƙarshe da kyau. Dole a ci maikuron ɗari kaɗan daga kowace fuska, a goge ta har ta zama madubi, fuskokin biyu su yi daidai da juna kuma su yi tsaye a kan magudanar. YAG yana da taurin 8.5 a ma'aunin Mohs, da garin daimon ake bin sa daga mai kaushi zuwa mai laushi, kuma gefen da ya ɓantare ko ya dulmuye ya isa ya kashe aikin mako biyu. A ganina wanda ya iya gogewa ya fi wanda ya iya kunna na'urar daraja a ƙungiya.

Daga nan ake haɗa lezar. Nd:YAG famfonsa nanomita 808, fitarsa 1064, kusan kashi 24 cikin ɗari na kowace ƙwayar haske zafi take zama. Yb:YAG famfonsa 940 ko 969, fitarsa 1030, zafin bai kai kashi 10 ba, amma yana sake shan haskensa, don haka in kiristal ya fi tsawon da famfo zai iya cikawa, lezar ba za ta kama ba. Tuliyam yana ba da kusan maikuron 2, farasiyodimiyam a YLF yana shan shuɗi na 444 ya ba da ja ko kore. Zangon dayod yana gusawa kusan nanomita 0.3 a kowane digiri, layin shan niyodimiyam kuwa siriri ne, don haka in ba ka riƙe zafin dayod ba za ka ga fitarwa tana hawa tana sauka ka zargi magudanar. Madubin shiga ana manna shi a fuskar da ɗigon mai na musamman, domin iskar da ta rage a tsakani tana sauya yadda yake mayar da haske. A fuskar fita sau da yawa ba a sa madubi, kashi 8 da rabi da fuskar YAG ke mayarwa da kanta ya isa. Dalili shi ne asara: desibel 1 a santimita yana cin kusan kashi 20 a tafiya ɗaya, gara a fitar da hasken da wuri da a bar shi yana kai da kawo yana ƙarewa. Da haka ƙungiyar Günter Huber a Hambug ta sami fiye da kashi 70 na ƙarin famfo yana komawa leza a Yb:YAG. Ƙura guda a fuskar shiga kuwa, famfo zai ƙone ta ya bar tabo, a koma gogewa. Kuma yawancin hasken nan ido ba ya ganinsa, yana makantar da mutum kafin ya ƙifta. Tabaran kariya na zangon da kake aiki da shi ba abin sakaci ba ne, cire agogo da zobe ma ƙa'ida ce.

Game da wurare: Jami'ar Salamanka a Sifen, inda Javier Vázquez de Aldana ya rubuta magudanai masu yawa tare da ƙungiyar Feng Chen ta Jami'ar Shandong a Sin, Heriot-Watt a Edinbara, inda Ajoy Kar ya yi aiki a kan kiristal ɗin Cr:ZnSe, ƙungiyar Roberto Osellame a Milan, ta Stefan Nolte a Yena, da Macquarie a Sidni. Wasu sun fi karkata ga gilashi, malamai kuma suna ritaya ko sauya gari, don haka duba takardun shekara biyu na baya kafin ka rubuta. Da digirin farko, hanyar da ta fi sauƙi ita ce digiri na biyu a ilimin haske tukuna, ta tallafin karatu na Erasmus Mundus ko DAAD ko Commonwealth ko tallafin gwamnatin Sin. Ingila tana neman takardar ATAS, wato izinin gwamnati bayan tantance ɗalibi, kafin biza a irin wannan fanni, kuma tana ɗaukar makonni. Jamus tana neman kusan Yuro 12,000 a rufaffen asusu na shekara guda in ba ka da tallafi. Kada ka biya dillali don gurbin digirin digirgir, malami ne ke ɗauka kai tsaye.

Kafin ka taso, abin da za ka iya a gida ba ya buƙatar leza ko ɗaya. Ka ƙware a lissafin hasken Gauss, wato yadda hasken leza ke matsewa da bajewa, har ka iya fitar da rabin milimitan nan na sama da kanka. Ka rubuta ɗan shiri a Python da zai nemo siffar haske a magudana mai bambancin ma'auni na kashi ɗaya cikin dubu. Ka warware lissafin leza mai mataki huɗu da mai mataki uku, ka san dalilin da ake gwada madubin fita kala-kala don ciro asarar ciki. Ka lissafa yawan bugun da kiristal na santimita ɗaya zai bayar a daƙiƙa idan aka kulle shi, wato aka sa shi fitar da gajerun bugu a jere, gudun haske a raba da biyu sau 1.82 sau tsawon: kusan gigahaz 8 zai ba ka, kuma wannan na cikin dalilan da ake zuba kuɗi a fannin. Ka haɗa zane ɗaya daga shirinka a wasiƙar neman gurbi.

In an kira ka hira, kai ma ka yi tambaya. Na'urar rubutun ta ƙungiyar ce ko aika kiristal ake yi wata ƙasa a rubuto? Kwana nawa a wata ɗalibi ke samu a kanta? Wa ke gogewa, kuma daga ina kiristal ke zuwa? Kuɗin na shekara nawa ne, an riga an same su ko ana jira? Idan aikawa ake yi, duk kuskuren maikuron biyar zai ci maka wata biyu kafin sabon samfuri ya dawo, kuma tallafin shekara uku ba ya jiran wannan.

A gaida mutanen gida.