Daga wace rana ake fara ƙirga kwanakin al'ada?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Yarona shekararsa ɗaya da rabi, kuma ba na son wani ciki yanzu. Al'adata ta zo ranar 3 ga wata, ta sake zuwa ranar 29, amma wani lokacin takan kai kwana 31 tsakani. Wata ƙawata ta ce in ƙirga kwana 14 daga ranar da jini ya ɗauke, wai ranar kaɗai ce ake ɗaukar ciki. Gaskiya ne? Hankalina ba a kwance yake ba.

Amsa: 'Yar'uwa, ki ajiye wannan lissafin tun yau.

Ranar farko ita ce ranar da jini ya zubo sosai, wanda ya sa kika nemi ƙunzugu. Ɗigo-ɗigon jini mai launin ruwan ƙasa da kan riga shi zuwa ba ya cikin lissafi. Daga nan ki ƙirga har zuwa jajibirin al'ada ta gaba, wannan shi ne zagayen al'ada. Naki, daga 3 zuwa 28 ga wata, kwana 26 ke nan. Kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ne ga babbar mace.

Maganar rana ta 14 kuwa ta yi ɓarna ba kaɗan ba. An ciro ta ne daga mace mai zagaye na kwana 28 cif, sai masu ba da shawara a Facebook da WhatsApp suka mai da ita doka a kan kowa, wasu ma suka ƙara kuskure a kan kuskure da cewa daga ɗaukewar jini ake farawa. Ƙwan haihuwa na mace yana fita ne kusan kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, watau baya ake ƙirgawa, ba gaba ba. A watan da naki ya yi 26, ƙwai ya fita wajen rana ta 12. A watan da ya yi 31, sai wajen ta 17. Ina 14 a ciki?

Sannan ba rana ɗaya ba ce. Ƙwai yana rayuwa awa 12 zuwa 24 bayan fitarsa, amma maniyyi yana iya zama da ransa a jikin mace har kwana biyar. Ki duba da kyau: a ce jininki ya yi kwana bakwai, kuka sadu da maigida a rana ta 8 kina ganin ba komai tunda yanzu kika gama. Wannan maniyyin yana nan yana jiran ƙwan rana ta 12. A lissafin ƙawarki kuwa sai rana ta 21 za ki yi hattara, lokacin da aikin gama ya gama. Abin takaici shi ne masu yaɗa wannan magana ba su ne za su yi rainon cikin ba, kuma ba sa tambayar mace tsawon zagayenta kafin su yanke mata rana.

Idan da lissafi za ki yi tazara, sai kin rubuta ranar farko ta aƙalla wata shida a jere, a kalanda ko littafi. Manhajar waya ma kintace take yi daga abin da kika ba ta. Ki cire 18 daga zagaye mafi gajarta, ki cire 11 daga mafi tsawo. A wurinki, 26 a cire 18 ya ba da 8, 31 a cire 11 ya ba da 20. Daga rana ta 8 zuwa ta 20 sai ƙauracewa ko kwaroron roba. Ki haɗa da lura da jikinki: idan kika ga danshi garai-garai mai yauƙi, yana miƙewa tsakanin yatsu kamar farin ɗanyen ƙwai, to lokacin ya yi, ko da lissafi ya ce a'a.

Ko an bi shi daidai, lissafi ba shi da ƙarfin allura, robar hannu ko ta mahaifa, domin zazzaɓi, damuwa ko shayarwa suna iya gusar da ranar ƙwai. Tunda tsoronki ya kai haka, ki je sashen tazarar haihuwa a duba wanda ya dace da ke.

Ki ga likita idan zagaye ya gaza 21 ko ya wuce 35 a kai a kai, ko jini ya wuce kwana takwas, ko kina jiƙa ƙunzugu duk awa, ko jini na zuwa tsakanin al'ada da al'ada. In al'ada ta yi jinkirin mako guda, ki fara da gwajin ciki kafin ki sha kowane irin magani.