Ɗaukewar al'ada da lafiyar jijiyoyin jini: amsoshin tambayoyinku

Likita, shekarata 49. Da dare sai zafi ya taso mini daga ƙirji zuwa fuska, in jiƙe sharkaf da gumi. Ko iska ce? Daga wata uwa a Gusau.

Ba iska ba ce, Hajiya. Sinadarin estrojin, wanda jikin mace ke samarwa, shi ne ke raguwa, sai jijiyoyin jinin fata su buɗe farat ɗaya. Yawancin mata kan daina al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55. In yana hana ki barci, ki je asibiti.

Tun da na daina al'ada aka ce ina da hawan jini. Akwai alaƙa? Daga Maraɗi.

Akwai. Estrojin na sa jijiyoyi su yi laushi, yana kuma rage mugun kitse a jini. In ya tafi, sai su fara tauri. A rage gishiri, dunƙule da kanwa, a riƙa awon hawan jini, kada a ajiye magani don an ji sauƙi.

Ƙawata ta kawo mini ƙwayoyin estrojin daga kemis, wai za su dawo mini da ƙuruciya. Shekarata 63. Yanzu sha-raɓata ta hagu ta kumbura, tana zafi. Ina murza ta da man zafi, gobe wanzami zai yi mini ƙaho. Daga Zariya.

Subhanallah! Mama, don Allah ki ajiye ƙwayoyin nan, ki daina murzawa, ki sallami wanzami, a kai ki asibiti yau. Ƙafa ɗaya da ta kumbura, da zafi, ga mai shan estrojin, abin da muke fara tsoro shi ne gudan jini ya toshe jijiya. In ya ɓalle, huhu yake nufa. Ƙaho ba ya kaiwa inda yake.

Ƙwayar da aka haɗiya ta hanta take bi, ita kuma hanta sai ta ƙara sinadaran da ke daskarar da jini. Shi ya sa muka fi son na mannawa a fata ko na shafawa ga mai ƙiba ko hawan jini. A 2002 aka tsayar da wani babban bincike a Amurka, kan matan da ke shan ƙwayoyin estrojin haɗe da wani sinadari, kafin lokacinsa, saboda an ga ƙarin gudan jini, shanyewar ɓarin jiki da sankarar mama. Akasarin matan sun haura 60, kamar ke. Maganin yana da amfani sosai ga wadda zafin jiki ya addaba, in ta fara kafin shekara 60 ko cikin shekara 10 da ɗaukewar al'ada, bayan likita ya duba ta. Mai mahaifa kuma sai an haɗa mata da wani sinadarin mai kare mahaifar, abin da yaron kemis ba zai tambaye ki ba.

In numfashi ya fara yi miki wuya ko ƙirji ya riƙe, ko tsakar dare ne a nemi mota. Kuma ki tafi da kwalin ƙwayoyin a hannu, likita ya gani.