Amsa: harbe-harbe a finafinan 'yan daba na Landan

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda masu shirya fim da ƙaramin jari ke ɗaukar hoton rikicin gungun Turkawa da 'yan Jamaika a titin Landan. Da farko sai an nemi izinin ƙaramar hukumar unguwar, sannan a sanar da 'yan sanda tun kafin ranar, ko da bindigar roba ce. Wanda ya tsallake wannan, maƙwabci ya leƙo ta taga ya buga 999, lambar kiran gaggawa ta Birtaniya, sai ga 'yan sanda da makamai, aikin ranar ya lalace.

Harsashin ƙara marar kai yana bukatar ƙwararren mai kula da makamai, kuɗi ke nan. Shi ya sa da yawa suke saka walƙiyar bakin bindiga da ƙarar a kwamfuta. In ɗan wasa bai girgiza hannunsa lokacin harbi ba, nan take ƙaryar ke fitowa.